Abin da Ban Faɗa a Zaure ba

Shekara huɗu na yi a Wahran ina ɗora bulo,
na dawo Maraɗi da jikka ɗari biyu da tari a ƙirji.
Aka taru a zaurenmu na Mokoyo, ana son labarin teku.
Na ce teku na nan, gishiri ne, ba ya shayuwa.
Saura kuwa na haɗiye.

Ban faɗa musu yaron ba,
ɗan mai gidan da muke gina wa bene,
wanda ya lallaɓo ina cin burodi a inuwar siminti,
ya tofa miyau a yatsa, ya goga a damtsena,
ya duba yatsan, ya sake gogawa.
Bai kai shekara shida ba.
So yake ya ga ko baƙin zai fita.
Na yi dariya, don yaro ne.
Uwarsa ta fizge shi zuwa famfo,
ta wanke masa hannu da sabulu har sau uku.
Ita kam ba yarinya ba ce.

A masallacin unguwa liman ya ce a toshe sahu
kada Shaiɗan ya sami gurbi.
Aka toshe ko'ina, ban da gefena.
Suka gwammace shi da ni.
Wani dattijo ya tambaye ni, ba da ba'a ba, da gaske,
ko a ƙasarmu akwai masu karatu.
Na ja masa Tabara tun daga kai har gindi.
Ya riƙe baki, ya ce wa ya koya maka?
Sai ka ce aku ne ya yi sallama.

Ran Juma'a na ga jaka a bayan gilashi.
Tun daga titi na shaida ta,
fatar jar akuyarmu ce,
irin wadda kakana ke jemewa a bakin Gulbi.
Kuɗinta ya fi ladana na wata uku.
Fatar akuya ta shiga, tana shan sanyi,
tawa tana tsaye a ƙofa.

Na ɗauka can na baro shi duka,
na zubar da shi a rairayin Assamaka.

Sai jiya, bayan la'asar,
na iske Tsahara a bayan randa,
ko rigar lakwal ba ta tuɓe ba,
tana shafa man gwaggonta Barira a kumatu,
irin na kwalaben nan da ke jere a Babbar Kasuwa.
Shekararta tara.
Ta ce, Baba, an ce ni gindin tukunya ce.
Wa ya ce?
Ba Balarabe ba, ba Nasara ba,
ɗiyar Lawali ce, katanga ɗaya ta raba mu.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na tuna bakin nan nawa, ranar bikin ƙanena,
ya taɓa cewa farar mace alkyabbar mata,
mutane na shewa,
uwar Tsahara tana zaune tana jina.

Ashe jahilci ba ya neman fasfo.
Ya riga ni isowa gida,
har an shimfiɗa masa tabarma.

Na karɓi kwalbar, na ɗebo ruwa,
na wanke mata fuska a hankali.
Sannan na tofa miyau a yatsa,
na goga a goshinta, na nuna mata.
Na ce duba, bai fita ba.
Ni magini ne, na san fenti, na san dutse,
fenti ne ruwan sama ke wankewa.

Ta dube ni, ta dubi yatsan,
ta ce, to gobe ka raka ni lakwal.