Kujera ta Goma Sha Ɗaya

Mun ce ƙarfe takwas, bayan lisha,
gidan abincin nan na Titin Gidan Zoo
mai koriyar fitila a bakin ƙofa.
Tara ta gota kafin Uwani ta iso,
wai ɗan adaidaita ya zaga da ita ta Kabuga.

Lantana ma'aji ba ta jira an zauna ba,
ta zaro littafin kuɗin wata-wata:
"Mudi, wata huɗu ake binka."
Mudi ya ce a ci tukuna,
ba a shari'a da mai jin yunwa.

Aka jere gurasa, ƙuli na zuba,
balangu a takarda, albasa da yaji,
masa da miyar taushe don Hajiya Tasalla
da likita ya raba ta da jan nama.
Zoɓo mai citta, kofi goma.

Littafi goma sha biyu muka gama bana.
Nafi'u ya lashe yatsa, ya yi gyaran murya:
ƙaton nan na watan Afrilu,
wanda ya fi kowa ɗaga jijiyar wuya a kansa,
bangon baya kawai ya karanta.
Muka yi dariya har Sagir ya ƙware.

Sai wuta ta ɗauke.
Kafin injin ya tashi,
yaron gidan ya dafa kujerar da ba kowa:
"Akwai mai zuwa, ko in ɗauka?"
Cokali ma bai motsa ba.

Malam Barau ya tafi da damina,
ranar wata Laraba, ana yayyafi.
'Yarsa ce ta dawo mana da littafin Agusta,
rasit ɗin kemis a shafi na ɗari da tamanin da uku,
nan ya tsaya.
A gefen shafin, da fensir, rubutunsa mai karkata:
"Matar nan ta kwantar da hankalinta, zai dawo."

Mu da muka kai ƙarshe
mun san mutumin bai dawo ba.
Tasalla ta haska waya, ta sake karantawa,
ta rufe a hankali
kamar mai gudun tashin jariri.

Wuta ta dawo, aka kawo lissafi.
Lantana ta raba gida goma sha ɗaya,
hannu ya riga ya saba.
Ta ɗaga biro za ta gyara,
Mudi ya ce, "Bar shi haka."
Ya biya kashi biyu,
shi da ake bi wata huɗu.

A waje mai shayi yana fasa ƙwai.
Ba mu daidaita kan littafin Janairu ba,
Uwani na son siriri, Nafi'u ya rantse ƙato.
Ni na tare adaidaita zuwa Tarauni,
littafin Malam a cinyata,
rasit ɗin yana nan inda ya bar shi.