Tayin Dattijo a Sawakin

Shekara talatin ina ɗaga kayan wasu
daga cikin jiragen wasu a tashar Bur Sudan,
ina kallon Bahar Maliya daga saman ƙugiya
kamar mai gadin rumbun da ba nasa ba.
Ranar da aka sallame ni, aka ƙirga mini haƙƙina,
ban sayi fili ba, ban buɗe shago ba.
Na hau mota zuwa Sawakin.

Yana can bayan rusassun gidajen murjani,
an tokare shi da gungume da tsofaffin tayoyi,
ƙafa ashirin da bakwai, ya girmi 'yata ta fari.
Rana ta lashe sunansa, saura harafi biyu.
Wata mage ta haihu a inda ake ajiye taswira.

Mai shi likitan haƙori ne, Dakta Fanus,
gwiwa ta hana shi taka tsani.
Ya tsaya nesa, hannu a aljihu,
kamar wanda ya kawo dokinsa kara
yana addu'a kada a taya.

Usta Ohaj na ɗauko, da 'yar gudumarsa.
Ya bi cikin jirgin taki da taki yana ƙwanƙwasa.
Inda ya ce ƙwas, sai ya wuce.
Inda ya ce dum, sai ya zana alli ya dube ni.
Ƙuraje sun feso masa a ƙasan ciki,
ya huda ɗaya da wuƙa, ruwa mai tsami ya tsarto.
Kusoshin da ke riƙe da dalmar gindi,
biyar lafiya, na shida ya yi kuka da tsatsa.
Injin ya yi tari sau uku, ya tofar da baƙin hayaƙi,
sannan ya kama, kamar tsohon da aka tasa da asuba.

Muka shimfiɗa filafilin a kan yashi.
Faci goma sha ɗaya na ƙirga,
ɗaya da ƙyallen rigar asibiti.
Ohaj ya ce: ƙashinsa da kyau, fata ce ta gaji.
Kuɗin sayensa shi ne ƙarami, ka sani,
na riƙonsa ne zai ci maka tuwo.

Na taya. Likita ya ce albarka.
Aka kawo jabana mai citta, muka sha ƙoƙo uku.
Na ƙara kaɗan, na lissafa masa alamun alli.
Ya daɗe yana kallon sandar jirgin
kafin ya ce: na sallama,
amma magen da 'ya'yanta suna cikin ciniki.

A gida Kubura ta ajiye ludayi ta ce:
Kai da ko iyo ba ka iya ba?
Na ce kakana Tukur ya taso daga Gumel a ƙasa,
shekara bakwai yana noman ƙodago a hanya,
ya iso wannan gaɓar, guzuri ya ƙare.
Nan ya zauna yana ɗinkin buhu har ya rasu,
kullum fuskarsa na ga ruwa.
Ta ce: to, Jidda za ka kai shi?
Na ce a'a. Bakin fitilar can kawai, in dawo.

Wata huɗu ina kankara, ina liƙi, ina fenti,
gishiri ya tsattsage mini yatsu.
Ranar da muka tura shi, ya ɗan sha ruwa,
na kwashe da gwangwanin madara.
Muka wuce bakin mashiga, Ohaj ya kashe inji.

Shiru.
Sai iskar arewa ta cika facin likita,
dattijo ya karkata, ya yi ƙara a haƙarƙari,
ya fara tafiya.
Na riƙe sandar tuƙi da hannu biyu.
Ƙafata tana rawa, ban gaya wa kowa ba.