Baƙin Akwati a Gidan Sanyi

Ƙarfe uku da kwata na dare a Puerto Montt,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi,
injin sanyi na huɗu ya yi tsit.
Irin shirun da ya fi ƙara tayar da mutum.

Ni ce mai gyaran wuta a wannan kamfanin kifi,
Eliana Quilodrán, shekara sha tara da filaya a aljihu.
Na buɗe allon ƙarfe, na haska tocila.
Ga shi nan, baƙi, girman bulo,
jikinsa zubi ɗaya, ba fara'a, ba ado,
hannunsa ya tsaya a tsakiya,
bai ce kunne ba, bai ce kashe ba.
Haka yake tsayuwa in ya ƙi.

Belarmino, shugaban aikin dare, ya iso yana ɗiga:
"Tan arba'in na kifi, Eliana. Jirgi Laraba.
Tura shi sama."
Na danna shi ƙasa tukuna,
don ba ya miƙewa sai ya durƙusa,
sannan na tura.
Injin ya yi gurnani, ya ja minti shida,
ƙwas!
Ya sake faɗuwa.

"Ya tsufa. Sa babba.
Akwai mai amfiya ɗari huɗu a sito."

Ban tanka ba. Na san cikinsa
kamar yadda harshe ya san haƙora:
ƙarfe biyu sirara, manne baya da baya,
ɗaya mai saurin miƙewa in ya ji zafi, ɗaya mai nawa.
Saɓaninsu ke lanƙwasa su,
lanƙwasar ke taɓa kunama.
Wannan mai haƙuri ne, yana ƙirga minti.
Maƙwabcinsa maganaɗisu ba ya shawara:
in waya biyu suka haɗu tsirara,
kafin ido ya ƙifta ya raba faɗa.
Can sama, jerin ƙananan faranti
masu datsa tartsatsi gunduwa-gunduwa
har ya mutu a duhu, ba mai shaida.

Minti shida. Mai haƙurin ne ya yi magana.
Wani abu na jan kayan da suka fi wuyansa.

Na bi waya har gindin injin,
na ɗora bayan hannu, na janye.
Kasko a kan wuta.
Iskar teku ta bi ta tsaga, gishiri ya lashe giris,
boris na cin kansa, yana kuka ƙasa-ƙasa.

Mahaifina yana da shagon katako a Calbuco.
Fis ya dame shi da tsinkewa,
ya naɗa masa jan ƙarfe mai kauri, ya huta.
Ya huta wata uku.
Ina da shekara tara na tsinci kusoshi a toka,
suna da ɗumi har washegari.

Ban ba Belarmino wannan labarin ba.
Na ce: "Ba a korar maigadi don ya yi ihu.
Kwashe kifin zuwa ɗaki na biyu."
Ya zagi injin, ya zagi Laraba,
ya kira mutum shida da amalanke.

Bakwai saura, tsuntsayen teku sun fara gardama a kan rufi,
yatsuna ba sa jin juna,
sabon boris ya zauna.
Ƙasa, sannan sama.
Na tsaya da agogo: shida, goma, ashirin.
Bai motsa ba.

Belarmino ya miƙo mini kofi a murfin filas,
ya ce na ceci kifi.
Na dubi allon da na rufe.
A littafin aiki, layi ɗaya aka bari don dalili,
na rubuta da biro mai gardama saboda sanyi:
Ya faɗi sau biyu. Yana da gaskiya.