Mun Bi Hadari Har Tabalak

Rediyo ya faɗa tun da hantsi:
yau akwai ruwa mai ƙarfi, da iska, wataƙila har ƙanƙara,
kowa ya danne rufin kwanonsa da dutse.
Mutanen Tawa suka kora awaki cikin gida.
Mu kuwa muka fita.

Arzika a gaba, shi ke da moto,
ni a baya, rungume da jaka:
kamara, da ledar da zan lulluɓe ta,
da gwangwanin awon ruwa da na gada wurin kawu,
wanda ya tsufa yana rubuta milimita a littafi.
Mai lita huɗu, bashi, daga kwalaben Nomau.

Gabas ta haɗe rai.
Hadari ya tashi kamar rumbun da aka gina a sama,
gindinsa baƙi wuluk, kansa fari fat,
ya baje can ƙoli kamar uwar maƙera.
Arzika ya ce, "Yau kam, yau kam!"
iska ta ƙwace sauran maganar daga bakinsa.

Muka wuce kwalta mai ramuka,
muka wuce jakuna biyu da suka juya wa iska baya,
shamuwa na kewaya gawo,
ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zo daga wani wuri,
wurin da ba nan ba.
Walƙiya ɗaya. Na ƙirga a zuci.
Sai da na kai ashirin kafin tsawa ta amsa,
ita ma can ƙasa-ƙasa,
kamar tsoho yana gyaran murya a ɗaki na uku.

A Tabalak muka tsaya bakin tafki.
Na kafa gwangwani, na buɗe kamara, na saita.
Muka jira.

Hadarin ya dube mu.
Ya karkata kudu, wajen Keita,
ya saki wasu zaruruwa masu toka-toka
da suka bushe tun ba su taɓa ƙasa ba.
Gefensa ya fara zarewa kamar tsohon zane.
Sai ga bakan gizo, guntu, ko rabi bai kai ba.
Wata mai tallan kifi ta ce, "Shi ke nan, ya shanye."

Ɗigo bakwai.
Na ƙirga su a kan tankin moto,
kowanne da zoben ƙurarsa.
Arzika ya yi dariya har da tari:
"Ganin hadari, mun yi wanka da kashi."

A hanyar komawa mai ya ƙare
daidai wata gona.
Muna turawa, wani dattijo ya miƙe daga kunya,
sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu,
ramukan da ya sara a jere a bayansa,
bakinsu buɗe.
Ya ce, "Daga gabas kuke?"
Muka ce e.
"Ya sauka a can?"

Na so in ce masa mun yi asarar yini,
da lita huɗu, da hoton da ban samu ba.
Na dubi geron da ke ƙwaryar,
na haɗiye.
Na ce, "Bai sauka ba, Baba."
Ya ce, "To. Yana nan tafe."
Ya rufe ƙwaryar da faifai,
ya ba mu ruwa a gora, mai ɗumi, muka sha.

Bayan isha muka shigo gari,
taurari tar, ko kunya babu.
Maƙwabta na sauke duwatsu daga rufi.
Nomau ya leƙo daga rumfa, bai ce komai ba,
ya dai ɗaga yatsu huɗu.

Na buɗe littafin kawu.
Shafi bayan shafi, irin wannan rana
yakan ja sifili, ƙarami, mai kyau, ba gaggawa.
Na ja nawa.
Ya fito a karkace.
Gwangwanin kuma na bar shi a tsakar gida,
bakinsa sama.