Guntayen Tayil

Shekara goma sha bakwai ina durƙushe
a banɗakunan mutane,
daga Fadaman Mada har Yelwa,
gwiwoyina sun yi kanta irin ta raƙumi.
Na shimfiɗa wa Alhaji Barau farin marmara
a kicin ɗin da har yau bai san hayaƙi ba.
Na jera wa wata Hajiya shuɗin tayil bango huɗu,
ta ce ba shuɗin da ta gani a waya ba ne.
Na ɓamɓare. Ban ce uffan ba.
Abin da ya fashe na zuba a buhu.

Haka nake yi duk inda na gama:
ɓallin da giranda ta bari,
kusurwar da ta guntule a kwali,
abin da mai gida ya ce a kai bola,
sai in ɗaure a bayan babur.
Buhu tara suka taru a zaurenmu na Jahun,
har yara na raɗa, wai Sabo ya fara tsince-tsince.

Ran wata Laraba da asuba Dada ta zame.
Gansakuka ce a tsohon simintin makewayi.
Buta ta yi gabas, ita ta yi yamma,
ƙugu ya ƙi tashi har sati shida.
Da na durƙusa gaishe ta ba ta yi faɗa ba,
bango ta kalla, ta ce:
"Masaƙi, ashe uwarka ce ba zane."

Washegari na kwance buhunan.
Manu ya tankaɗe yashi, ya kwaɓa siminti.
Ƙasa ban sa mata mai sheƙi ba,
sheƙi ɗan'uwan santsi ne.
Dutsen Tanshi na je, wajen masu fasa dutse,
na zaɓo fallaye masu kaushi
waɗanda ke riƙe tafin ƙafa kamar suna gaisawa da shi.
Na ja zare, na karkata daɓen kaɗan
yadda ido ba zai gane ba, sai ruwa.
Ruwa ne alƙalin mai tayil,
ba ya karɓar toshiya:
ka zuba bokiti, ka koma gefe,
in ya nufi rariya ka ci shari'a,
in ya kwanta a lungu, ɗauko guduma.

Bango kuwa, nan guntayen suka sami gida.
Marmaran Barau kusa da kore na wani asibiti,
shuɗin da Hajiya ta ƙi, ga shi saitin randa,
ruwan ƙasa daga gidan da ba a biya ni ba.
Kowanne na ƙwanƙwasa shi da gudumar roba,
ina kasa kunne, kada ya amsa da muryar ganga.

A madafi muka yi gardama.
Ta ce dutsen niƙanta ba ya motsi.
Na ce layi zai karkace. Ta ce ya karkace.
Wuni guda na yi ina yanka tayil
yana bin jikin dutsen da ya girme ni.

Ran da aka tashe ta, Manu na riƙe da hannunta,
ta tuɓe silifa, don idon ya yi yana,
ta bi ɗakin da ƙafa, taku, taku,
tana ba mu labarin daɓen da suka yi da makuba
ina goye, madaɓi na tashi, mata na guɗa.
Sai ta tsaya. Ta goga diddige.
"Nan akwai haƙori."

Na aza ma'auni. Gaskiyarta:
dutse ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa
da kaurin ƙwayar gero.
Kunya ta kama ni, na miƙa hannu ga kurfi.
Ta ce, "Bar shi.
Da shi zan san na iso ƙofa."