Taga Ta Huɗu

Sun kawo mana takarda ran Talata,
fara fat, da akwatuna biyar a jere:
"Yaya gamsuwarka? Zaɓi daga ɗaya zuwa biyar."
Ni Mutawakilu, ɗan Aboabo,
shekara sha tara ina bayan wannan taga,
ban taɓa auna raina da lamba ba.

Da asuba nake kama trotro,
in tsaya shan koko wajen Hajiya Barikisu,
kafin takwas layi ya kai gindin mangwaro.
Fankar ofis ta mutu tun wancan azumi.
Mun rubuta, mun sake rubutawa,
takarda tana hawa bene, ba ta saukowa.

Akwai wata yarinya, Adutwumwaa,
sau shida tana zuwa neman makinta na lissafi.
Zuwan farko da murmushi,
na uku da lema da jiƙaƙƙen takalmi,
na shida ba ta ce uffan ba,
ta dafa katakon taga, ta dube ni
kamar ni na haɗiye shi.
Uwarta tumatir take kasawa a Kejetia,
kowane zuwa sidi ne da aka cire daga miya.

In ta ba mu ɗaya, ta yi daidai.
Amma wa zai tambayi Dakta Amankwah,
mai ɗalibai ɗari bakwai a aji guda
da lasifika mai tari?
Na gan shi da idona, an ɗauke wuta,
yana duba jarrabawa da fitilar waya,
shinkafarsa ta huce a cikin leda.
Ciwon ɗalibi da ciwon malami
jijiya ɗaya suke bi,
sai dai kowa ofis dabam ake tura shi.

Ran nan na rufe taga, abin da doka ta hana.
Na hau bene uku, gwiwa tana ƙara,
muka zazzage kwalaye ni da Dakta,
muna atishawa kamar awaki,
sai ga takardarta manne a bayan ta wani:
saba'in da biyu, da jan biro.
Dakta ya zauna a ƙasa, ya cire tabarau.
Ya ce, "Da na san fuskarta ma."

Da na sauko na gaya mata,
ba ta yi godiya ba, kuma ban ga laifinta ba.
Ta tafi, ta dawo da ruwan leda biyu,
ta ajiye ɗaya a kan taga.
Mai sanyi ne.

To, a wane akwati zan sa wannan?

Na juya takardar, bayanta fili ne.
Na rubuta: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ku sauko ku tsaya a layi, ko na awa guda.
Ku sa benci a gindin mangwaron nan.
In kun ce wa yaro Alhamis, ta zama Alhamis.
Ku raba wa Dakta ajinsa
har ya riƙe sunan mutum goma.
Maame Konadu mai shara ma tana da baki,
ba a ba ta takarda ba.

Fankar kuwa, na bar ta a ƙarshe,
don kada a ce kaina na fara yi wa kuka.

Akwatunan nan biyar suna nan yadda suka zo.
Na ninke, na jefa, na ɗaga labule.
Wa ke gaba?