Awon Baffa

Mutumin da ke cikin littafinmu ba ya gajiya.
Tsaye yake cak, ido a gaba,
tafin hannu a buɗe, kamar mai rantsuwa bai ɗauki komai ba.
Malama Talatuwa ta ce daga jikinsa ake fara lissafi:
abin da ya kusanci ƙoƙon kai shi ne sama, ko mutum na kwance,
damarsa kuma tasa ce, ba ta mai kallo ba.
Na haddace. Na ci jarrabawa.

Sai ga Baffa Hammari rigingine a tabarma,
a ɗakinmu na Jekadafari,
ɓarin hagu ya yi masa yaji.

Shekara talatin da ɗaya a Tsohuwar Kasuwa
yana sa manya su miƙe:
"Ware hannu. Ɗaga haɓa.
Daina haɗiye tumbi, Alhaji, rigar za ta tona ka."
Daga kafaɗa zuwa wuyan hannu,
daga ƙugu zuwa idon sawu,
tef a wuya, alli a bayan kunne.

Yau ni ke ba da umarni.
Lanƙwasa gwiwa, Baffa. Miƙe ta.
Kife tafi, kamar za ka rufe akushi.
Buɗe shi, kamar za ka karɓi kafin alƙalami.
Raba dantse da haƙarƙari,
to, dawo da shi gida.
Jirkice ta gefe. Rub da ciki sai gobe.
Ya kalle ni da rabin murmushi,
ɗaya rabin yana can inda hannun ya tafi.

Hannu ya fara jin kira kafin gero ya fid da kai.
Ƙafa ce ta yi kunnen ƙashi.
Danna yatsu ƙasa. Shiru.
Jawo su wajen ƙwauri. Shiru.
Mako bakwai ina magana da agara
kamar mai sallama a kango.

Ran wata Laraba ni da Sambo muka kinkimo keken,
tsatsa ta ci gindinsa, gizo-gizo ya yi gida a ƙafarsa.
Muka zaunar da Baffa, muka tokare bayansa da filo biyu.
Na ɗora sawun hagu a kan matakin ƙarfe,
ban ce danna ba, ban ce jawo ba.

Diddige ya nutsa.
Yatsu suka biyo.
Ƙaramar taya ta yi rabin zagaye, ta tsaya,
ta sake.

Mutumin littafi bai taɓa faɗuwa ba,
bai san nisan da ke tsakanin kwance da kishingiɗe ba,
balle daga zaune zuwa tsaye.

Ina share ido da bayan hannu,
Baffa ya sunkuyo, ya leƙa allura,
ya ce da harshensa mai nauyi,
"Ke, Dija, wa ke ɗinki ba zare?"